Yadda Ake Zaɓen Allon Silalom da Takalmansa, da Yadda Ake Saita Su

Wasan zamiya a kan ruwa ya samo asali ne a 1922, lokacin da wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura katakai biyu a ƙafa, jirgi mai inji ya ja shi a Tafkin Pepin da ke jihar Minnesota ta Amurka. Daga baya wasan ya yi rassa, kuma reshen da ya fi tara jama'a shi ne silalom. A nan allo ɗaya tak ake hawa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Jirgi yana tafiya a miƙe, mai wasa kuma yana riƙe da igiya yana tsallake bayan jirgin daga dama zuwa hagu, yana kewaya ƙwallaye shida da aka kafa a kan ruwa. Tsawon filin mita 259 ne, kuma kowace ƙwallo tana nesa da layin jirgi da mita 11.5.

Wannan jagorar ta wanda ya riga ya iya tashi da alluna biyu ce, yana so ya koma ɗaya, ko kuma ya ɗan jima yana aron na mutane, yanzu yana son mallakar nasa. Tun daga farko zan faɗi ra'ayina: yawancin masu saye suna ɓata hankalinsu wajen allo, su bar takalmi a ƙarshe da ragowar kuɗi. Kamata ya yi a juya lissafin. Allon da bai dace ba zai hana ka ci gaba ne kawai, amma takalmin da bai dace ba yana iya karya maka idon sawu.

Mataki na farko: san gudunka da nauyinka

Kafin ka kalli kowane allo, ka amsa tambaya biyu tsakaninka da Allah. Kilo nawa ne nauyinka yau, ba wanda kake fatan komawa ba? Kuma a wane gudu jirgi yake jan ka?

A ƙa'idar hukumar wasan ta duniya, IWWF, gudun gasa yana hawa ne da kilomita uku-uku: 46, 49, 52, 55, 58 a awa. Iyakar maza kilomita 58 ne, ta mata 55. Idan mai wasa ya kai iyakar gudu, sai a fara rage masa igiya: daga mita 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, 13, 12, 11.25, har ƙasa. Ka lura cewa daga 11.25 igiyar ba ta ma kai ƙwallon ba, da miƙa jiki ake cike gibin. Ba'amurke Nate Smith ya kafa tarihin duniya a 2013 da kewaya ƙwallo biyu da rabi cikin shidan a igiya mai mita 9.75.

Dalilin kawo waɗannan alƙaluma shi ne, allon da irin su Smith suke hawa an ƙera shi ne don kilomita 55 zuwa 58 da gajeriyar igiya. Siriri ne, mai tauri, yana nutsewa cikin ruwa don ya riƙe gefe. Idan ka hau shi a kilomita 46, zai riƙa nitso a ƙarƙashinka, hannuwanka su gaji, tashi daga ruwa ya zame maka wahala. Mutum sai ya ɗauka shi ne bai iya ba, alhali kayan ne ba nasa ba.

Mataki na biyu: faɗi, sannan tsawo

Alluna sun kasu kusan gida uku ta fuskar faɗi. Akwai mai faɗi sosai, na masu koyo da masu yawo a buɗaɗɗen tafki, wanda yake jin daɗin gudun da bai wuce kilomita 40 zuwa 49 ba. Yana tashi daga ruwa da sauƙi, yana yafe kuskure. Akwai matsakaici, wanda yake aiki daga wajen 46 zuwa 55, ana iya yawo da shi, ana kuma iya koyon kewaya ƙwallo. Sai na gasa. Bambancin faɗin ba ya da yawa a ido. A kamfanin Radar, misali, samfurin Senate ya fi Vapor na gasa faɗi da kashi biyu cikin goma na inci kawai, amma a ƙafa ana jin bambancin sarai. Kamfanonin HO, Connelly da O'Brien duk suna da irin wannan jeri, D3 da Goode kuwa sun fi karkata ga 'yan gasa.

Ga wanda yake sayen allonsa na farko, matsakaicin nake ba shi shawara. Zai ɗauke shi shekaru kafin ya fi ƙarfinsa.

Tsawo da inci ake auna shi, kuma na manya yana kamawa daga 63 zuwa wajen 71. A gudun kilomita 52 zuwa 58, ƙiyasin da ake bi shi ne: mai nauyin ƙasa da kilo 65 ya dubi inci 65, daga 60 zuwa 80 inci 66, daga 73 zuwa 90 inci 67, daga 85 zuwa 100 inci 68, wanda ya haura haka kuma 69 ko fiye. Za ka ga alƙaluman suna shiga juna, kuma da gangan ne. Idan ka faɗo tsakanin biyu, gudu ne zai raba gardama: mai tafiya a hankali ya ɗauki dogon, mai gudu sosai ya ɗauki gajeren. Kowane kamfani yana da jadawalinsa na kowane samfuri, kuma shi ne abin bi idan ya saɓa da wannan ƙiyasi. Tsayin mutum ba ya cikin lissafi sosai, nauyi ne ruwa yake ɗauka.

Game da abin da aka ƙera allon da shi, ba sai an tsawaita ba. Cikinsa kumfa ce mai tauri, an lulluɓe ta da faiba ko kabon ko haɗin biyun. Na kabon mai kumfar PVC ya fi sauƙin nauyi, ya fi saurin amsawa, ya fi tsada. Na faiba mai kumfar PU ya fi nauyi, amma yana shanye girgiza idan ruwa ba a kwance yake ba. Wanda yake wasa a tafkin da jirage ke kai da komo zai fi jin daɗin na biyun. Ka kifa allon ka duba cikinsa: za ka ga kwarmi ya bi tsawonsa. Kwarmin da ya kai daga gefe zuwa gefe yana sa allo ya zauna cikin ruwa ya riƙe gefe da ƙarfi. Wanda aka bar masa ɗan fili a gefuna biyu ya fi zama a miƙe, ya fi sauƙi ga mai koyo.

Idan na hannu za ka saya, kuma babu laifi a haka, ka duba shi a cikin haske. Bi gefunan da yatsa ka ji ko fatar sama ta fara rabuwa da ta ƙasa. Duba tsakanin gurbin ƙafafu biyu da gaban takalmin gaba, nan ne allo yake karyewa, kuma tsagar takan fara siririya kamar gashi. Sa sukuru a kowane rami ka ji ko ƙarfen cikinsa yana juyawa tare da sukurun. Allon da ya tsage a ajiye shi komai arharsa, domin ranar da zai ƙarasa karyewa kana kansa ne a guje.

Mataki na uku: wace ƙafa ce gaba

Ka tsaya ƙafafu a haɗe, wani ya ɗan tura ka daga baya ba tare da ya sanar da kai ba. Ƙafar da ta fita ta tare ka, yawanci ita ce ta gaba. Wata hanyar kuma ita ce a ruwa: kana kan alluna biyu, ɗaga ɗaya na ɗan lokaci, sannan ɗaga ɗayan. Ƙafar da ka fi natsuwa a kanta ita ce za ta zauna gaba. Gwajin ruwa ya fi na tudu gaskiya.

Wannan zaɓin yana da tasiri a saiti. Wanda ƙafar hagu take gaba, ƙugunsa a buɗe yake zuwa dama, saboda haka juyawa zuwa hagu, wato a ƙwallo ta 1 da 3 da 5, ta fi zo masa da sauƙi. Wanda damarsa take gaba, sauƙinsa yana 2 da 4 da 6. Kowa yana da ɓangare mai daɗi da ɓangare mai wuya. Ka san naka, za mu buƙace shi idan mun zo karanta allo a ruwa.

Mataki na huɗu: takalmi

Takalmin silalom yana da aiki biyu masu karo da juna. Dole ya riƙe ƙafa gam domin duk motsin gwiwa da ƙwauri ya isa allo, kuma dole ya saki ƙafar nan take idan an yi mummunar faɗuwa. Mai tsallake bayan jirgi yana gudun da ya zarce na jirgin nesa ba kusa ba. Idan hancin allo ya soke ruwa a wannan gudu, allon yana tsayawa cik, jiki kuma ya ci gaba. Idan ƙafa ba ta fita ba, idon sawu da agara da ƙwauri su ne za su biya.

Iri uku ne a kasuwa. Na farko shi ne na roba, wanda yake naɗe ƙafa har saman idon sawu, irin wanda kamfanin Wiley ya shahara da shi. Tsohon yayi ne, yana da wuyar sawa sai da sabulu, yana matse ƙafa idan an daɗe, amma sakinsa sananne ne: roba tana miƙewa, ƙafa ta zame. Na biyu shi ne mai laushi da igiyar ɗauri, wanda ya fi yawa a yau. Yana da daɗin sawa, kuma wasu suna ɗaukar girman ƙafa fiye da ɗaya, abin da yake da amfani idan iyali ne suke raba allo. Haɗarinsa a hannun mai shi yake, domin igiyar sama idan aka ja ta har ƙarshe, takalmin ya zama mari. Shi ya sa ake yi wa da yawansu igiyar sama mai talewa. Na uku shi ne mai tauri kamar kwanso, wanda yake zaune a kan faranti da makulli a dunduniya, irin na kamfanin Reflex na Faransa. A nan ƙafa ba ta fita daga takalmi, takalmin ne gaba ɗaya yake ɓallewa daga allo. Yana isar da motsi fiye da sauran, amma yana buƙatar mai kula: a saita makullin daidai nauyi, a riƙa duba shi. Mai koyo ba ya buƙatarsa.

Sai maganar ƙafar baya. Ko dai ka sa cikakken takalmi na biyu, ko ka sa faranti mai madauki wanda yatsu kawai suke shiga, dunduniya a sake. Madaukin yana ba da damar tashi daga ruwa da ƙafa ɗaya, ta bayan tana jan ruwa kamar matuƙi, sai an miƙe a zura ta. Yana kuma barin ƙugu ya juya gaba da sauƙi, dunduniya ta ɗaga, nauyi ya koma ƙafar gaba inda ake son sa. Takalmi biyu yana ba da natsuwa, kuma wasu ba sa jin daɗi sai da shi. A cikin manyan 'yan gasa akwai masu wannan akwai masu wancan, don haka babu wanda za a ce shi ne daidai. Ga mai farawa na fi son madauki.

Abin da ba na son kowa ya yi wasa da shi shi ne haɗa iri biyu masu saɓanin saki. Idan takalmin gaba yana ɓallewa da sauƙi, na baya kuma an ɗaure shi tamau, faɗuwa za ta bar ƙafa ɗaya a maƙale da allo mai tsawon santimita 170 yana murɗa ta. Ƙafar baya kada ta taɓa fin ta gaba wuyar fita.

Wajen gwada girma, ka jiƙa ƙafa da takalmin, domin a jiƙe za ka yi amfani da shi. Yatsu su kwanta a miƙe ba a dunƙule ba. Ka durƙusa gwiwa ta wuce saman yatsu: dunduniya kada ta ɗaga a cikin takalmin gaba, kuma ƙwauri ya samu hanyar karkatowa gaba ba tare da wani abu ya tokare shi ba. Idan ƙafa ta fara mutuwa bayan minti biyar a tsaye, ya yi kaɗan. Idan ƙafa tana yawo gefe da gefe, ya yi yawa, kuma jan igiya ba zai gyara wannan ba, sai dai ya hana saki.

Mataki na biyar: ɗaura takalmi a allo

Kayan aikin kaɗan ne: tef ɗin awo mai inci, sukudireba ta hannu, alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen juya sukuru mai rami a kai), ɗan man giris, da littafi da biro. Kada ka kawo injin ɗaure sukuru kusa da allon.

Fara da neman alƙaluman masana'anta na samfurinka da tsawonsa. Kamfanoni suna wallafa su a shafukansu na intanet. Lamba ta farko da kake nema ita ce nisan takalmin gaba daga wutsiya. Ana aunawa ne daga ƙarshen wutsiyar allo, a bi tsakiya, zuwa bayan dunduniyar takalmin gaba a ƙasa. A allo mai inci 67 lambar takan faɗa tsakanin inci 29 da rabi zuwa 30 da 'yan kai. Wannan awo ya fi duk wani saiti na allon tasiri, don haka kada ka dogara da ramin tsakiya na faranti kawai. Farantin wani kamfani a kan allon wani kamfani yana iya kauce wa lambar da rabin inci alhali yana ramin tsakiya.

Ɗora takalmin gaba, sa sukurori duka a sassauce, auna, matsar da faranti zuwa ramin da ya fi kusa da lambar, sake aunawa. Duba cewa takalmin yana kan tsakiyar allo, bai karkace ba. Sannan ka ɗaure sukurorin bi da bi a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su zauna. Da zarar sukuru ya tsaya, ƙara ɗan juyi kaɗan ka bari.

A kula da sukurun kansa. Yawancin allunan Amurka suna amfani da sukuru mai zaren 8-32, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai sukurun M4 da ake samu a ko'ina, wanda a ido kamar su ɗaya, yana ma shiga juyi biyu ko uku kafin ya cije. Idan ka tilasta shi, ka lalata ramin. Sukurun da ya yi tsawo kuma zai taɓo ƙasan rami ya tura ƙarfen ko ya huda allon, faranti kuma bai ɗauru ba. Idan ɗaya ya ɓace, ka tafi da ɗan'uwansa wurin saye. Ɗigon giris a zaren yana hana shi cijewa, musamman ga mai wasa a ruwan gishiri.

Na baya kuma a matso da shi kusa da na gaba gwargwadon iko, yatsun ƙafar baya su kusa taɓa dunduniyar takalmin gaba. Ƙafafu idan sun yi nisa da juna, ƙugu yana faɗawa baya, mutum ya riƙa hawa da ƙafar baya, hancin allo ya tashi sama. Mutane da yawa suna ɗan karkata takalmin baya, yatsu su kalli waje kaɗan, wato wajen ƙaramin yatsa, domin gwiwa ta samu sauƙi. Ka tsaya a kan allon a tudu ka ga yadda ƙafarka take son zama, ka bi ta, amma kada ka wuce rami ɗaya da farko.

Mataki na shida: gwajin saki a tudu

Kada allo ya taɓa ruwa kafin wannan. Shimfiɗa tawul ko tabarma, ɗora allon yadda fin ɗinsa, wato siririn ƙarfen da ke ƙarƙashin wutsiya, zai sauka a gefen dakali don kada ya lanƙwashe. Jiƙa takalmi, sa ƙafa, ɗaure kamar yadda za ka ɗaure a ruwa. Wani ya taka wutsiyar allon, wani kuma ya tsaya gabanka ka dafa kafaɗarsa. Sai ka tura gwiwa gaba ka fizge dunduniya sama da ƙarfi. A takalmin roba ko mai igiya, ƙafar ta fita ba tare da an kwance komai ba, da ƙoƙari amma ba da zafi ba. Idan ta ƙi, sassauta igiyar sama ka sake. Inda ta fara fita, nan ne iyakar ɗaurinka, kuma ka yi wa igiyar alama a wurin. A mai tauri, makullin ya ɓalle da irin wannan fizga. Idan sai ka ji agara tana ja kafin ya buɗe, ya yi tsauri. Idan da ɗan jingina yake buɗewa, zai sake ka a tsakiyar tsallake, wanda shi ma faɗuwa ce mai muni.

Gwada kowace ƙafa daban. Ka maimaita gwajin a farkon kowace kakar wasa, da duk lokacin da ka canza wani abu a takalmin.

Mataki na bakwai: fin da fiffike

A ƙarƙashin wutsiya akwai siririn farantin ƙarfe mai huji-huji, shi ne fin, kuma a jikinsa akan ɗaura ƙaramin fiffike. A allunan masu koyo fin ɗin a kafe yake, babu abin taɓawa. A matsakaita da na gasa yana cikin wani maƙali da ake sassautawa da alanki, kuma ana auna shi ta fuska uku: zurfinsa daga cikin allo, tsawonsa inda ya fito daga allo, da nisansa daga ƙarshen wutsiya. Alƙaluman sukan yi kusa da inci 2.5 a zurfi, 6.9 a tsawo, 0.75 daga wutsiya, amma kowane samfuri da nasa, har zuwa lamba uku bayan ɗigo.

Tef ba zai yi wannan aiki ba. Ana buƙatar ma'aunin baniya mai nuna lamba, irin na masu aikin ƙarfe, mai tsawon inci 8 domin ya ɗauki tsawon fin. Sabon allo ma a auna shi, domin ba kullum yake isowa a kan lambar masana'anta ba. Ka kuma duba yadda kamfanin ya ce a auna: tsawo da tsinin ma'auni yana ba da lamba dabam da tsawo da cikin muƙamuƙinsa, haka ma nisan wutsiya. Mutum biyu suna iya auna fin ɗaya su samu lamba biyu. Ka zaɓi hanyar kamfani ka dawwama a kanta.

Ga yadda ake saitawa. Sassauta sukurorin maƙalin kaɗan, yadda fin zai motsa da dannawa amma ba zai faɗi da kansa ba. Ƙananan sukurorin sama su ne suke tura shi: na gaba yana taɓa tsawo, na baya zurfi, wanda yake kwance a bayan maƙali kuma nisan wutsiya. Saita nisan wutsiya, sannan tsawo, sannan zurfi, sai ka koma farko, domin taɓa ɗaya yana motsa sauran. Zagaye biyu ko uku kafin duka su zauna. Ɗaure maƙalin, sake auna ukun, rubuta a littafi da kwanan wata.

Fiffiken birki ne. Yana rage gudu kafin ƙwallo, yana kuma jan hancin allo ƙasa. Ana saita shi da 'yan faranti masu kusurwa, yawanci tsakanin digiri 7 zuwa 9. Wanda yake wasa a ƙasa da kilomita 49 zuwa 52 da doguwar igiya ba gudu ne ya yi masa yawa ba, nemansa yake, don haka masu horarwa da yawa sukan ce a cire fiffiken a ajiye sai an kai ga buƙatarsa. Ni ma haka nake gani.

Mataki na takwas: karanta allon a ruwa

Sa rigar ceto wadda za ta ɗaga ka ko da ka suma, da safar hannu. A jirgi a samu mutum na biyu bayan direba, wanda idonsa yake kanka. Ku daidaita alamu tun a tudu: babban yatsa sama a ƙara gudu, ƙasa a rage, hannu biyu a haɗe bisa kai bayan faɗuwa yana nufin lafiya lau. Igiyar ta kasance ta silalom, mai gaɓoɓi masu launi, kuma ka fara da cikakken tsawonta na mita 23 ko kuma 18.25.

Yi fita biyar ko shida a kan alƙaluman masana'anta ba tare da ka taɓa komai ba. Ranar farko kowane sabon allo baƙo ne a ƙafa, kuma abin da ka ji a ranar ba hujja ba ne. Ka roƙi wanda yake jirgi ya ɗauke ka bidiyo da waya.

A bidiyon, duba inda ruwa yake fashewa a ƙarƙashin allo lokacin da kake tafe a gefen jirgi ba ka ja ba. Ya kamata ya fashe a wajen ƙafar gaba ko ɗan gabanta. Idan yana fashewa a tsakanin ƙafafu, hanci a sama, to fara da duba tsayuwarka, domin galibi nauyi ne ya koma baya. Idan tsayuwar ta yi kyau kuma abin bai canza ba, matsar da takalma biyun gaba da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ko rami ɗaya. Idan kuwa hancin yana cizon ruwa a ƙarshen juyawa har ya karya ka a ƙugu, musamman a ɓangarenka mai wuya, mayar da su baya da wannan gwargwado.

Sai takalmi ya zauna ake zuwa fin, kuma da kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na inci ake motsa shi, wato kaurin takarda ɗaya ko biyu. Ƙarin zurfi yana riƙe wutsiya, allo ya natsu, amma ya yi nauyin kwantawa gefe. Rage zurfi yana sa shi juyawa da sauƙi, idan ya yi yawa kuma wutsiya ta fice daga ruwa a tsakiyar juyi. Ƙarin tsawo yana shigar da hanci cikin ruwa, an fi jin sa a ɓangare mai wuya. Tura fin gaba yana ƙanƙanta juyi, mayar da shi baya yana faɗaɗa shi ya ƙara natsuwa, an fi jin wannan a ɓangare mai daɗi.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a yi fita biyu ko uku da shi, a rubuta abin da aka ji. Wanda ya taɓa takalmi da zurfi da fiffike rana ɗaya, ko abin ya gyaru bai san wanne ya gyara ba. Idan ka rikice, koma kan alƙaluman shafin farko na littafinka ka sake farawa. Kuma idan matsalar tana zuwa yau gobe ba ta zo ba, ba daga fin take ba, domin fin ba ya canzawa tsakanin jiya da yau. A irin wannan, awa ɗaya da mai horarwa ta fi wata guda da alanki.

Kafin kowace fita, bi sukurorin takalmi da sukudireba, domin girgiza tana kwance su, ka kuma girgiza fin da hannu ka ji ko ya saki. Idan da sabulu kake sa takalmin roba, ɗan kaɗan wanda aka sirka da ruwa ya isa, kuma ka nutsa ƙafar ya wanke kafin jirgi ya ja. Bayan wasa a ɗauraye allon da ruwa mai daɗi, a bar shi ya bushe a inuwa kafin a sa shi a jaka. Kada a bar shi a rana ko a cikin mota a rufe, zafi yana lalata kumfar ciki, yana kuma busar da roba har ta tsattsage. Robar da ta fara tsagewa ko igiyar da ta fara cinyewa a canza su, sannan a sake gwajin saki a tudu kafin a koma ruwa.